Idan annoba ta zo, ɗan wa za a fara yi wa allura, kuma wa za a kulle?

Daga watan Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ƙurar hunturu ke miƙa wa zafin bazara, ma'aikatun kiwon lafiya a Yamai da Abuja da Njamena da Yawunde kan shiga shirin ko-ta-kwana, domin lokacin sanƙarau ke nan. Ƙasashe 26 ne ke cikin yankin da wannan cuta ta saba yi wa dirar mikiya, tun daga Senegal har Habasha, kuma mafi yawan garuruwan da Hausawa ke zaune suna ciki.

Shirin da aka fi ji a rediyo na kaya ne: allurai nawa ke ajiye, motocin ɗaukar marasa lafiya nawa ke tashi, ina za a kafa tantuna. Amma akwai wani ɓangare na shirin da ba a cika tattaunawa a kansa ba, alhali shi ne ke haddasa rigima idan abin ya auku. Idan allura ba ta ishi kowa ba, wa za a fara yi wa? Ina iyakar ikon hukuma wajen tsare mutum a gidansa ko rufe masa kasuwa da masallaci? Ya halatta a gwada sabon magani a jikin wanda ke bakin mutuwa? Wannan shi ne fannin da ake kira éthique da Faransanci, wato sanin abin da ya dace da wanda bai dace a yi wa ɗan Adam ba, ko da da sunan ceton rai ne. Masana fannin sun daɗe suna cewa tun ana zaune lafiya ya kamata a amsa waɗannan tambayoyi, a bainar jama'a, saboda ba a fafe gora ranar tafiya. Abubuwan da suka faru a yankinmu cikin shekaru 30 sun isa su nuna dalili.

Abin da ya faru a Asibitin Zana

A 1996 sanƙarau ya yi ɓarnar da ba a taɓa gani ba a Afirka. A Najeriya kaɗai mutane fiye da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu. Ana cikin haka ne wata tawaga ta kamfanin harhaɗa magunguna na Amurka, Pfizer, ta sauka a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, wanda mutanen gari ke kira Asibitin Zana, da wani sabon magani mai suna Trovan da ba a riga an amince da shi ba. Aka zaɓi yara kusan 200. Rabinsu aka ba su Trovan, sauran rabin aka ba su wani sanannen magani, ceftriaxone, domin a kwatanta. Yara 11 suka mutu, biyar daga cikin waɗanda suka sha Trovan, shida daga ɗaya ɓangaren. Wasu suka rayu da kurumta ko shanyewar jiki, abin da sanƙarau shi kansa yakan bari. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma, annobar kuwa tana nan tana ci.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa maganinsa ya ceci rayuka, kuma ma'aikatan jinya sun yi wa iyaye bayani da Hausa, sun amince da baki. Iyaye da dama suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, kuma ba wanda ya gaya musu cewa a cikin wannan asibiti ƙungiyar likitoci ta MSF tana ba da maganin da aka saba da shi kyauta. Da jaridar Washington Post ta tono batun a Disambar 2000, sai ta bayyana cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar an rubuta ta ne daga baya, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 1999 ma Tarayyar Turai ta dakatar da Trovan, Amurka ta taƙaita amfani da shi, saboda illar da yake yi wa hanta. Gwamnatin Kano ta shigar da ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba. Sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowanne, bayan gwajin ƙwayoyin halitta. Shekara 15 ke nan da faruwar abin.

Ba adadin mace-macen ne ya fi damun masana ɗa'a a wannan labari ba, domin yaran da suka mutu a gwajin ba su kai kason da cutar ke kashewa a waje ba. Abin da ya dame su shi ne yardar iyaye. Uwar da ta rungumo ɗanta wuyansa ya sanƙare, ba ta karatun boko, ta tarar da Bature sanye da farar riga, duk abin da aka ce mata za ta ce to. Irin wannan “to” ba yarda ba ce. Shi ya sa ƙa'idar bincike ta ce sai an gaya wa mutum da harshensa cewa gwaji ne, an nuna masa cewa akwai wani zaɓi, an tabbatar masa cewa idan ya ƙi ba za a hana ɗansa kulawa ba, kuma wani kwamiti mai zaman kansa ya duba tsarin kafin a taɓa yaro ko ɗaya. A tsakiyar annoba ba a samun sukunin kafa irin wannan kwamiti. In babu shi tun farko, haka za a yi aikin babu shi.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2003, da aka fara yaɗa cewa an gurɓata maganin rigakafin shan inna da sinadarin hana haihuwa, jihohin Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da ɗiga shi. Gwaje-gwaje ba su gaskata zargin ba, amma masu adawa da maganin suna da misali a hannu, kuma misalin Trovan ne. Kano ta yi kusan shekara guda ba ta koma ba, sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indonesiya. Amma ƙwayar cutar ta bi hanyoyin fatauci da na aikin hajji ta shiga ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, ciki har da Cadi da Kamaru da Gana da Sudan, har ta kai Yemen da Indonesiya. Yaron da ƙafarsa ta shanye a wani ƙauyen Cadi a wancan lokaci bai taɓa jin sunan Asibitin Zana ba. Sai a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna, bayan sarakuna da malamai sun shiga aikin da kansu.

Kada mai karatu ya ɗauka darasin shi ne a daina gwada magani a Afirka, domin labarin Dakta Sheik Umar Khan ya nuna ɗaya fuskar. Shi ne babban likitan da ke jagorantar yaƙi da Ebola a Saliyo a 2014, har cutar ta kama shi, aka kwantar da shi a cibiyar MSF da ke Kailahun. A wannan wuri akwai wani sabon magani, ZMapp, wanda ba a taɓa ba ɗan Adam ba. Likitocin da ke kula da shi suka yi ta shawara, suka yanke cewa ba za su ba shi ba. Cikin abin da suka ji tsoro har da cewa idan ya mutu, za a ce Turawa sun yi gwaji a kan fitaccen likitan Afirka sun kashe shi. Ba a tambaye shi ba, shi da ya fi kusan kowa sanin cutar. Ya rasu ranar 29 ga Yuli. Bayan kwanaki aka ba wasu Amurkawa biyu maganin a Laberiya, suka rayu. Ba wanda zai iya rantsewa cewa maganin ne ya tashe su, domin wani limamin coci ɗan Sifaniya ya samu maganin kuma ya mutu, sannan gwajin da aka yi daga baya a Kwango ya nuna wasu magunguna biyu sun fi shi. Amma a Kano an yi wa mutane ba a tambaye su ba, a Kailahun an hana mutum ba a tambaye shi ba. A watan Agustan wannan shekara ne Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta tara masana suka ce ya halatta a ba da maganin da ba a gama tantancewa ba a irin wannan hali, muddin mara lafiya ya sani kuma ya yarda. A 2015 aka gwada allurar rigakafin Ebola a Gini bisa tsari, da sanin jama'a, ita ce ake amfani da ita har yau.

Idan allura ta yi kaɗan

Mutanen Yamai ba su manta da 2015 ba. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ta kusan kawar da sanƙarau nau'in A. Sai ga nau'in C ya ɓullo, wanda wannan allura ba ta karewa daga gare shi. Mutane kusan 8,500 suka kamu a Nijar, fiye da 500 suka rasu, allurar da ta dace kuwa ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya. Aka rufe makarantun Yamai na ɗan lokaci, aka ce yara 'yan shekara 2 zuwa 15 za a fara yi wa, domin su cutar ta fi kamawa.

Wannan zaɓi yana da hujja, kuma ana iya kare shi a gaban kowa. Matsalar ita ce abin da ke faruwa a gefen layi. Mai hali ya nufi kantin magani ya saya wa iyalinsa, marar hali ya tsaya jira, 'yan damfara kuma suka samu kasuwa, har OMS ta fitar da gargaɗi a kan jabun alluran sanƙarau da ke yawo a ƙasar. Ba karon farko ba ne. A annobar 1995 an yi wa mutane fiye da 50,000 a Nijar allurar da babu komai a cikinta, wadda ta zo a matsayin kyauta daga wata ƙasa maƙwabciya da ita ma ta ɗauka ta ƙwarai ce.

Ana yawan jayayya a kan ma'aunin rabo. Wasu na cewa a fara da wanda ya fi shiga haɗari, wasu na cewa a fara da ma'aikatan lafiya, domin idan suka faɗi babu mai kula da saura, kuma wanda aka ce ya shiga ɗakin masu Ebola yana da haƙƙin a ba shi kayan kariya, a kula da iyalinsa in ya mutu. Duk ma'aunin da aka ɗauka, abin da jama'a ba sa yafewa shi ne su ga an faɗi wani a rediyo, an yi aiki da wani a bayan ofis. Inda aka sanar da ƙa'ida tun da wuri, aka bayyana dalilinta, mutum yakan haƙura ko da shi ne na ƙarshe.

Tsakanin ƙasashe ma haka abin yake, sai dai a nan ƙarfin aljihu ne ya yi rabon. Shirin COVAX ya kai kason farko na allurar korona Gana ranar 24 ga Fabrairun 2021, guda 600,000. Ba a jima ba Indiya, inda ake yin mafi yawansu, ta tsayar da fitarwa saboda cutar ta yi mata yawa a gida, ƙasashe masu arziki kuwa sun riga sun saye fiye da buƙatarsu. Shekarar ta ƙare waɗanda suka kammala allurar a Afirka ba su wuce kashi 10 cikin 100 ba. Da gudummawa ta zo, wata ta zo dab da lalacewa: a Disambar 2021 Najeriya ta binne fiye da miliyan guda da wa'adinsu ya wuce. A daidai wannan lokaci Afirka ta Kudu da Botsuwana suka sanar da duniya sabon nau'in Omicron da masanansu suka gano, sakayyar da suka samu ita ce aka rufe musu hanyoyin jiragen sama. Duk ministan lafiya da ya ga haka, gobe zai yi tunani kafin ya faɗi gaskiya.

Kulle da ƙarfin bindiga

Hukuma tana da ikon taƙaita zirga-zirga don kare rayuka, kuma addini bai saɓa wa wannan ba; malamai da dama sun tunatar da yadda Halifa Umar ya juya da tawagarsa da ya ji annoba ta sauka a Sham. Amma Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005, waɗanda ƙasashe 196 suka amince da su, sun gindaya sharaɗi: a mutunta ɗan Adam, kada matakin ya fi ƙarfin abin da ake buƙata, kuma ya dogara da hujjar ilimi. Masana ɗa'a suka ƙara da cewa wanda aka nemi ya zauna a gida don amfanin kowa, kowa ne ke da alhakin ciyar da shi.

A nan ne shirye-shirye da yawa suka faɗi. Ranar 20 ga Agustan 2014 aka wayi gari sojoji sun kewaye unguwar West Point a Monrobiya, mai mutane kusan 75,000, ba tare da an shawarci kowa ba. Farashin abinci ya tashi, mutane suka yi bore, aka yi harbi, wani yaro matashi ya mutu. Masu kuɗi suka riƙa ba masu gadi na goro suna fita. Bayan kwana 10 aka janye, ba a tsayar da cutar ba.

A 2020 an ga makamancin haka a kusa da mu. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Najeriya ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar kulle a makonni biyun farko, lokacin da korona ita kanta ba ta kashe adadin haka a ƙasar ba. A Nijar an rufe masallatai, an killace Yamai, an sa dokar hana fita daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 6 na safe. Matasa suka yi zanga-zanga a Mirya da ke jihar Damagaram a ƙarshen Maris, aka sake yi a unguwannin Yamai gab da azumi, kafin a buɗe wuraren ibada ranar 13 ga Mayu. Mai sayar da shayi ko tsire da dare ne kasuwarsa. Dokar da aka kwafo daga ƙasar da ma'aikaci ke karɓar albashi yana zaune a gida ba ta san da shi ba. Gana ta gane haka da wuri, ta ɗage kullen Akara da Kumasi bayan mako uku.

Ga mazauna bakin iyaka kuwa, wani abu ya fi ciwo. Nijar ta buɗe filayen jiragen sama a Agustan 2020, amma iyakokin ƙasa suka kasance a rufe ga matafiya har Yunin 2021. Ma'ana mai kuɗin jirgi yana iya zuwa Paris ya dawo, matar da mahaifiyarta ke jinya a Jibiya ita tana Ɗan Isa ba ta da halin ƙetarawa bisa doka. Kowa ya san abin da ya biyo baya. Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela, daga Matamaye zuwa Daura, 'yan kabu-kabu suka buɗe hanyoyin daji, kuɗin hanya ya ninka, mutane suka ci gaba da wucewa ta inda babu mai auna zafin jikinsu. A ganina rufe irin wannan iyaka, wadda ta ratsa tsakiyar dangi da gonaki, ya fi kama da rufe idon hukuma fiye da rufe ƙofar cuta.

Su kuwa almajirai, su aka fi saurin yanke wa hukunci. A Afrilu da Mayun 2020 gwamnonin arewacin Najeriya suka riƙa loda su a motoci ana mayar da kowa jiharsa, dubbai kuma suka ƙetaro zuwa Nijar. Da aka auna waɗanda suka isa Kaduna da Jigawa, aka samu da dama ɗauke da cutar. An cusa yara cikin mota guda a lokacin da ake ce wa manya su ba da tazara, an kai su ƙauyukan da babu asibiti.

Batun gawa ma yana cikin shiri. Gawar mai Ebola tana yaɗa cutar ƙwarai, shi ya sa Laberiya ta ba da umarnin ƙona gawawwaki a Monrobiya a 2014. Sai iyalai suka riƙa ɓoye marasa lafiya suna binne matattu da dare, cutar ta ƙara samun hanya. A Nuwambar wannan shekara OMS ta fitar da sabon tsari bayan shawara da malaman Musulunci da na Kirista: a yi wa mamaci taimama maimakon wanka, a sa shi a likkafani, dangi su tsaya daga ɗan nesa su yi masa salla, su ga inda aka sa shi. Da an zauna da limamai tun kafin cutar ta zo, da watannin da aka ɓata ba su ɓace ba.

Wanda ba ya cikin lissafi

Kowane shiri yana farawa da ƙidaya, ƙidaya kuma takan bi takardar ɗan ƙasa. Bahaushen da ke Briketeri a Yawunde, ko Nima a Akara, ko wanda kakanninsa suka yada zango a Sudan a kan hanyar Makka, sau da yawa sanarwar gaggawa takan iso masa da Faransanci ko Turanci ko Larabci, ta bakin hukumar da ba ta saba shiga unguwarsa ba sai da wani dalili. Kafin a fassara, saƙon murya na WhatsApp ya riga ya zaga. A Afrilun 2020, da wasu likitoci biyu suka yi maganar gwada allura a Afirka a wata tashar talabijin ta Faransa, har shugaban OMS Tedros Adhanom Ghebreyesus ya yi tir da kalaman a matsayin ragowar tunanin mulkin mallaka, hoton ya shiga wayoyin mutane cikin kwana ɗaya, ya faɗa a kan tsohon miki.

Don haka akwai abubuwan da sarkin zango ko shugabar ƙungiyar mata za su iya tambayar hukumar lafiya ta gundumarsu tun yanzu: shin wanda ba shi da katin ɗan ƙasa za a yi masa allura, kuma ba za a miƙa sunansa ga jami'an shige da fice ba? Wa zai yi sanarwa da Hausa, a wace rediyo? In aka killace gida, wa zai kawo hatsi da ruwa? Cutar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta bayyana a Matamaye a shekarar nan, ba ta nemi takardar kowa ba.

A matakin duniya an ɗan motsa. Ranar 20 ga Mayun 2025, a Janeba, ƙasashen OMS suka amince da yarjejeniyar tunkarar annoba, wadda ta tanadi cewa kamfanonin da suka shiga tsarin za su ware wa hukumar kashi 20 cikin 100 na allurai da magungunan da suke yi a lokacin annoba, aƙalla rabin wannan kaso kyauta, saura a farashi mai sauƙi. Amurka ba ta cikin waɗanda suka amince. Sashen da ya fi zafi, wato yadda ƙasar da ta ba da samfurin ƙwayar cuta za ta samu rabonta daga maganin da aka yi da shi, an bar shi don a ci gaba da tattaunawa, kuma yarjejeniyar ba za ta fara aiki ba sai ƙasashe 60 sun tabbatar da ita a gida. A ɓangaren sanƙarau kuwa, a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar Men5CV, mai karewa daga nau'i biyar har da C ɗin da ya yi ɓarna a Yamai, Nijar ta bi bayanta a shekarar.